Jay Gould: Attajirin layin dogo da ya nemi sayen gwamnatin Amurka

A ranar 2 ga Disamba, 1892, tarin fuka ya kashe Jay Gould a birnin New York yana da shekara 56. Ya bar dukiyar da ta haura dala miliyan 70, da kuma sunan da Amurkawa suka daɗe suna ambata da ɗaci.

An haife shi a 1836 a ƙauyen Roxbury, ɗan manomi. Ya fara da aikin safiyo da zanen taswira, ya koma jimar fatu, daga nan ya faɗa cinikin hannun jarin jiragen ƙasa. Tun da wuri ya gane cewa riba mafi tsoka tana ofisoshin gwamnati.

A 1868, hamshaƙin attajiri Cornelius Vanderbilt ya yunƙura zai mallake kamfanin jirgin ƙasa na Erie. Gould da abokansa, James Fisk da Daniel Drew, suka riƙa buga sababbin takardun hannun jari suna zubawa kasuwa, Vanderbilt na saye, su kuwa suna ƙarawa. Da kotu ta nemi kama su, sai suka tsallake kogi zuwa New Jersey. Bayan haka Gould ya nufi Albany, hedikwatar jihar New York, da tsabar kuɗi, majalisa kuma ta halasta takardun.

Shekara ɗaya bayan nan ya ɗaga kai sama. Ya shirya saye zinaren kasuwar New York domin farashi ya hau, abin da ba zai yiwu ba sai baitulmali ta ƙi sayar da nata. Sai ya jawo Abel Corbin, mijin ƙanwar Shugaba Ulysses Grant, da Daniel Butterfield, mataimakin ma'ajin gwamnati a New York, wanda zai riƙa tsegunta masa sirrin ofis. Da Grant ya farga, ya ba da umarnin sayar da zinare na dala miliyan 4. A ranar Juma'a, 24 ga Satumba, 1869, farashi ya rushe cikin mintuna, 'yan kasuwa da dama suka tsiyace, amfanin gona ya faɗi. Gould ya riga ya sayar da nasa a ɓoye. Butterfield ne ya rasa kujerarsa.

Daga baya ya mallaki Union Pacific da Missouri Pacific da kamfanin wayar tangaraho na Western Union. Masu kare shi suna cewa ya shimfiɗa dogo zuwa yankunan da ba su da shi. Ma'aikatansa kuwa sun tuna yadda aka murƙushe yajin aikinsu na 1886.

A 1887 majalisar tarayya ta kafa hukumar sa ido kan kamfanonin jiragen ƙasa, ta farko irinta a Amurka. Ɓarnar Gould da takwarorinsa na cikin dalilan kafa ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a tarihin Gould, tsagar takan kasance jami'i ɗaya ne da ke riƙe da sirrin gwamnati.