DAGA RAMIN MA'ADINI ZUWA JUJI: ABIN DA MASANA SUKA GANO GAME DA WAYA DA KWAMFUTA

Galibin jama'a suna ɗaukar wayar hannu da kwamfuta a matsayin kaya masu tsabta, tun da ba sa fitar da hayaƙi kamar mota ko janareta, kuma wutar da suke sha ba ta taka kara ta karya ba. Amma binciken da masana suka shafe fiye da shekaru ashirin suna yi a jami'o'in duniya ya nuna cewa zancen ba haka yake ba. Mafi yawan ɓarnar da waɗannan na'urori suke yi wa muhalli takan auku ne a lokuta biyu da mai su ba ya gani, watau kafin su iso hannunsa da kuma bayan ya jefar da su.

Wannan ne ya sa masanan suka karkata ga tambaya guda: shekara nawa na'ura za ta yi tana aiki kafin ta zama shara? Amsar wannan tambaya kuwa ta shafi Nijeriya ƙwarai, domin ƙasar tana cikin manyan masu sayen kayan lantarki na hannu, kuma dubban matasa suna cin abinci ta hanyar gyaransu ko fasa su.

Nauyin da ido ba ya gani

A shekarar 2002 wani masani mai suna Eric Williams, wanda a lokacin yake aiki a Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Tokyo, shi da abokan aikinsa biyu, sun auna abin da ake kashewa wajen ƙera ƙwayar ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ɗaya tak, mai nauyin giram 2. Sun gano cewa ƙera ta da yin aiki da ita suna cin makamashi irin su kwal da man fetur na kimanin kilo 1.6, da sinadarai giram 72, da kuma ruwa lita 32. Dalili kuwa shi ne, sai an tace kayan haɗin ƙwayar matuƙar tacewa, a cikin ɗakunan da ba a yarda ko ƙura ta shiga ba, wannan kuwa aiki ne mai shan wuta da ruwa.

Bayan shekara biyu masanin ya faɗaɗa binciken zuwa ga kwamfutar tebur sukutum da allonta irin na wancan zamani. Lissafin da aka fitar ya nuna ƙera ta na bukatar makamashi kilo 240, sinadarai kilo 22 da ruwa kilo 1,500. Har ila yau an gano cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na makamashin da kwamfutar za ta ci a duk tsawon rayuwarta an riga an kashe shi tun a masana'anta. Wannan ya bambanta ta da firiji, alal misali, wanda yawancin wutar da yake sha a gidan mai shi yake shan ta.

Na'urori sun sake kama tun daga wancan lokaci, amma hukuncin bai sake ba. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana a rahotanninsa cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya wadda ake dangantawa da wayarsa ta iPhone daga ƙira take fitowa. Ma'anar wannan a fili take. Wanda ya riƙe wayarsa shekara huɗu maimakon biyu ya rage ɓarna fiye da wanda yake ta tsimin caji amma yana sake waya kowace shekara.

Kafin masana'anta ma akwai ramin haƙa. Kowace waya tana ɗauke da jan ƙarfe, zinariya, kuza da sauran ma'adinai masu yawa. Mafi yawan ma'adinin kobal da ake sa wa a batir daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi. Duk wanda ya san tsoffin kududdufan kuza da aka bari a ƙasar Jos ya san irin tabon da haƙar ma'adini ke bar wa ƙasa shekaru da yawa bayan masu haƙar sun watse.

Inda tsofaffin kaya ke ƙarewa

Wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto a 2024 wanda ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, alhali a 2010 tan miliyan 34 ne. Kashi 22.3 cikin ɗari kaɗai aka tabbatar an tattara an sarrafa ta hanyar da ta dace, a Afirka kuwa abin bai kai kashi 1 ba. Rahoton ya ƙiyasta cewa ƙarafan da ke cikin sharar ta wannan shekara sun kai darajar dala biliyan 91, ya kuma yi hasashen cewa sharar za ta kai tan miliyan 82 a 2030. Mutumin Turai yakan zubar da kilo 17.6 a shekara, na Afirka kuwa kilo 2.5.

To, amma wani kaso na abin da Turai ta gama da shi a gabar tekun Afirka ta Yamma yake sauka. Masana na cibiyar Yarjejeniyar Basel da ke Jami'ar Badun, tare da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, sun sa ido a tashoshin jiragen ruwa na Ikko a shekarun 2015 da 2016. Sun gano ana shigo da kayan lantarki na hannu kimanin tan 60,000 a shekara, kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Tarayyar Turai. Yawancinsu a cikin motocin hannu ake cuso su, kuma aƙalla tan 15,400 matattu ne tun kafin su sauka, ko da yake doka ta hana shigo da kayan da ba sa aiki.

Ba yau Nijeriya ta fara sanin wannan matsala ba. A 1988 aka bankaɗo dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Abin da ya biyo baya shi ne dokar hana shigo da shara mai guba da kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. A 1989 ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Basel, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla ta Bamako. Bambancin shi ne, gangar guba kowa ya san guba ce, amma matacciyar talabijin tana shigowa ne da sunan haja.

Idan kaya suka ƙi gyaruwa sai su faɗa hannun 'yan gwangwan. Hanya mafi sauƙi ta raba jan ƙarfe da robar da ta lulluɓe shi ita ce cinna wa wayoyin wuta, hayaƙin kuwa guba ne. Tsofaffin gilasan talabijin suna ɗauke da dalma, wasu fitilun kuma da zaiba. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Accra, inda matasa da yawa daga arewacin Gana suka yi wannan sana'a har zuwa lokacin da hukuma ta rushe kasuwar a 2021, wani bincike na 2019 ya auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin. An tarar wanda ya ci ƙwai guda ya haɗiyi wani nau'in guba da ya ninka iyakar da hukumar abinci ta Turai ta amince da ita a rana har sau 220. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2021 cewa yara da mata masu juna biyu su ne suka fi shiga haɗari.

Maganin yana teburin mai zane

Ganin haka ya sa wasu masana suka ce kuskure ne a jira sai kaya sun isa juji sannan a fara neman dabara. A 2007 shaihun malami Eli Blevis na Jami'ar Indiana a Amurka ya gabatar da wata maƙala da ta yi tasiri a tsakanin masu tsara na'urori. Hujjarsa ita ce, duk wanda ya ƙirƙiro sabon abu to ya yanke wa wani tsohon abu hukuncin zuwa juji, saboda haka wajibi ne mai zane ya yi tunanin ƙarshen na'ura tun ranar da ya fara zana ta.

A aikace zancen yana komawa ga ƙananan abubuwa. Shin an ɗaure bayan waya da sukuru ne ko an manne shi da gam? Ana iya cire batir idan ya mutu? Ana samun kayan gyara a kasuwa? Kamfanin zai ci gaba da sabunta manhajar wayar, ko kuwa zai yi watsi da ita alhali jikinta lafiya lau? Akwai ma na'urorin da aka tsara su ƙi karɓar gilashi ko batir idan ba wakilin kamfani ne ya sa ba. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Fairphone, wanda ya fito da wayarsa ta farko a 2013, ya nuna cewa ana iya ƙera wayar da mai ita zai kwance da sukudireba ya sake abin da ya lalace.

Sannu a hankali wannan bincike ya fara zama doka. Faransa ta tilasta wa masu sayar da wasu kayan lantarki a 2021 su manna maki daga cikin 10 mai nuna sauƙin gyaran kayan. Daga ranar 28 ga Disamba, 2024, Tarayyar Turai ta wajabta bakin caja iri ɗaya ga sababbin wayoyi. Daga 20 ga Yuni, 2025 kuma, dole ne mai ƙera waya ya tanadi kayan gyara na shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin, ya sabunta manhaja na aƙalla shekara 5, batir kuma ya jure caji sau 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa.

Rabon Nijeriya a cikin zancen

Abin lura shi ne, abin da masanan Turai da Amurka suke kira a koma gare shi, shi ne abin da masu gyara suke yi kullum a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, da ta Alaba. Yaron da ya ciro gilashi daga matacciyar waya ya raya wata, ya ƙara mata shekara biyu, ya yi wa muhalli hidima ko da bai san sunanta ba. Amma duk lokacin da kamfani ya fito da na'urar da ba ta buɗuwa, to ya rage wa wannan yaro abinci, ya kuma ƙara wa juji kaya.

Nijeriya tana da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011 a ƙarƙashin hukumar NESREA, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin karɓarsu idan sun mutu. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa: a gwada kaya a bakin tashar jirgi kafin a sake su, a kafa wuraren tattara matattun na'urori a manyan kasuwanni, a kuma sama wa 'yan gwangwan injin feɗe waya da farashi mai kyau domin su daina ƙonawa. Jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha su ma suna da aiki a gabansu, watau su auna ƙasa da ruwan rijiyoyin da ke kusa da wuraren fasa kaya, su kuma jawo masu gyara cikin bincike da horo.

Shi kuwa mai saye, kafin ya tambayi girman kyamara, ya kamata ya fara tambayar mai gyaran unguwarsu ko wannan waya tana gyaruwa, kuma ko ana samun kayanta.