Ƙwayar cutar da ba ta jin magani

Idan an kwantar da ɗanku a asibitin Tasawa ko na Mayahi, ana ta yi masa allura amma zazzaɓi ya ƙi sauka, mai yiwuwa ƙwayar cutar ce ta saba da maganin, har ya daina kashe ta.

A shekarun 2007 da 2008, masana sun auna kashin yara 55 masu tamowa da aka kwantar a cibiyar MSF ta Maraɗi. Ranar shigarsu, 17 suna ɗauke da irin wannan ƙwaya a hanji. Daga cikin waɗanda suka shigo ba su da ita, an sake auna 16 ranar sallama, sai aka same ta a jikin 15. A ɗakin jinya suka kwashe ta, domin hannun da ya taɓa kashi shi ke kai ta bakin wani yaro.

Saboda haka, in kuna jinya, ku wanke hannu da sabulu bayan kun yi wa yaro tsarki, da kuma kafin ku ba shi abinci. Ruwan buta kaɗai bai isa ba. Ku faɗa wa likita duk kafson kasuwa da yaron ya sha a gida, kada ku ɓoye don kunya. Shan kafso barkatai ne ke ƙara wa ƙwayar taurin kai, kuma sanin abin da aka sha zai taimaki likita wajen zaɓen magani.