Sada Dakoro da Maraɗi ta rediyo: wane kayan aiki ya kamata a fara saye?

A wannan takarda za mu duba yadda za a kai intanet mai sauri daga Maraɗi zuwa Dakoro, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka, ba tare da shimfiɗa waya ba. Galibin masu tsara irin wannan aiki kan zuba kuɗinsu wajen sayen rediyo mai ƙarfi. A ganinmu wannan kuskure ne.

Igiyar gigahaz 5, wadda na'urorin Ubiquiti, MikroTik da Cambium ke amfani da ita, a miƙe take tafiya, sai eriya biyu sun hangi juna. To amma ƙasa a lanƙwashe take. Tsakanin wurare biyu masu nisan kilomita 120, doron ƙasa yakan taso da fiye da mita 200 a tsakiya. A shekarar 2007 Ermanno Pietrosemoli ya sada wurare biyu a Benezuwela, nisan kilomita 382, amma daga kan duwatsu ya yi. Ƙasar Dakoro ba ta da irin waɗannan duwatsu.

Saboda haka sai an raba hanyar zango-zango, ta wajen Kornaka. In zango ya kasance kilomita 30, doron ƙasa mita 13 ne kawai. Igiyar kuma tana bukatar sarari na wajen mita 12 a ƙarƙashinta, in ba haka ba saurin ya ragu. Ke nan hasumiya mai mita 25 ita ce mafi ƙaranci, ban da tsawon gawo da tuddan rairayi.

Bayan hasumiya sai eriya. Ninka ƙarfin rediyo desibel 3 kaɗai yake ƙarawa, alhali faranti mai faɗin santimita 60 yana ba da wajen 30, a aikawa da karɓa duka. Na'urorin gigahaz 60 sun fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai iska na shanye igiyarsu, ba su wuce amfanin cikin gari ba. Kowane zango dai sai an nemi izinin ARCEP.

Abin da aka fi mantawa shi ne wuta: faifan hasken rana da ƙurar hunturu ke rufewa, batir da zafin bazara ke kashewa, da tsawar damina. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, tilas a gwada kuɗin hasumiya biyar da masu gadinsu da na faranti ɗaya a kan rufin asibiti, wanda ake biyan kuɗinsa kowane wata.