Lissafin Dunƙulewa da Mai Rumbun Bayanai Ke Ƙera wa Kansa

Rumbun bayanai mai jadawali, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya aza harsashinsa a 1970, yana jera bayanai layi bayan layi. Sau da yawa amsa guda ake nema daga dubban layuka: jimilla, adadi, matsakaici, mafi girma ko mafi ƙanƙanta. Harshen SQL ya tanadi umarni na wannan aiki, wato SUM, COUNT, AVG, MAX da MIN.

Sai dai waɗannan ba sa biyan kowace bukata. Ga ɗan kasuwa da ya sayi buhun masara 10 a kan naira 40,000 kowanne, ya ƙara 30 a kan 60,000. AVG zai kalli farashin biyu kawai ya ce 50,000, alhali buhu ya faɗo masa a kan 55,000. Shi ya sa manyan rumbuna suka ba masu shirya manhaja damar ƙera nasu lissafin, su raɗa masa suna, su riƙa kiransa kamar na asali.

Aikin yana da matakai huɗu. Da farko a buɗe ma'ajiya, a nan gurbi biyu: kuɗi da buhuna, duka sifili. Sannan kowane layi ya shigo a ƙara nasa. Idan an raba aikin tsakanin sassan kwamfuta don sauri, sai a haɗe ma'ajiyoyinsu. A ƙarshe a raba kuɗi da yawan buhuna, amsa ta fito.

Rumbun PostgreSQL, wanda ya samo asali daga aikin Michael Stonebraker a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana yin haka da umarnin CREATE AGGREGATE, kuma a 2016 ya ƙara matakin haɗewa. Oracle ya kawo nasa tsarin a sigar 9i, Microsoft kuma a SQL Server 2005. SQLite yana karɓar matakin ƙari da na kammalawa daga manhajar da ke amfani da shi.

Ribar ita ce lissafi yana gudana inda bayanai suke, ba sai an kwashe miliyoyin layuka zuwa wata manhaja ba. Amma akwai sharaɗi: dole amsa ta zama ɗaya ko ta yaya aka raba layukan, in ba haka ba rahoton yau zai saɓa wa na gobe. Haka kuma lissafi irin na gano adadin da ke tsakiyar jeri yana bukatar riƙe dukkan lambobi, don haka yana cin ma'ajiyar kwamfuta fiye da jimilla.