Yadda ɗalibin fannin gudanarwa zai zaɓi maudu'in binciken da zai iya kammalawa

Kafin a yaye ɗalibin digiri ko babbar difloma a fannin gudanarwa, wajibi ne ya gabatar da kundin bincike. Ɗalibai da dama tun a matakin farko suke tuntuɓe, inda suke ɗaukar maudu'i mai faɗin da ba za a iya tattara bayanansa cikin zangon karatu ɗaya ba. Hakan kan jawo jinkirin kammala karatu da ƙarin kashe kuɗi.

Sharaɗi na farko shi ne a taƙaita tambaya. Maudu'i irin "matsalolin ƙananan kamfanoni a Najeriya" ya fi ƙarfin ɗalibi guda. Amma akwai hanyar rage shi. Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, mai hedikwata a Maitama, Abuja, ke aiwatarwa, ta bai wa mutum ɗaya damar kafa kamfani, alhali a da sai aƙalla mutum biyu. Ɗalibi na iya tambayar yadda wannan sauyi ya shafi shawarar yin rajista a tsakanin 'yan kasuwar wuri guda, kamar Kasuwar Wuse ko Kantin Kwari a Kano.

Na biyu shi ne tabbatar da samuwar bayanai tun kafin a miƙa maudu'i. Alal misali, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da ke titin Aguiyi Ironsi a Maitama, tana wallafa alƙaluman masu amfani da layukan waya da intanet a shafinta, wanda kowa zai iya dubawa kyauta. Haka kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati amsa buƙatar neman bayani cikin kwana bakwai, kodayake ta keɓe wasu abubuwa kamar sirrin kasuwanci da bayanan da suka shafi rayuwar mutum. Don haka maudu'in da ya dogara kan takardun cikin gida na kamfani mai zaman kansa yana tattare da kasada.

Na uku shi ne kusanci da al'umma. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ma a Maitama, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya tanadi kashi 70 cikin 100 na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 domin buƙatun yankinta. Wannan ya ƙara wa binciken matsalolin gida daraja.

Kafin ya tunkari malamin da zai duba aikinsa, ya kamata ɗalibi ya rubuta tambayarsa cikin jimla ɗaya, ya fayyace waɗanda zai yi wa tambayoyi, ya ƙiyasta kuɗi da lokaci, sannan ya leƙa kundayen da aka riga aka rubuta a sashensa domin kauce wa maimaici da zargin satar fasaha.