Lahadi a Wusasa: Wa Yake Hutawa?

A Wusasa, kusa da Zariya, inda 'yan mishan suka zauna tun 1929, gidajen Kirista da dama da sujadar iyali suke buɗe rana. Tun kafin a hura wuta maigida zai tara yara a tsakar gida, a rera waƙa guda, a karanta 'yan ayoyi, uwargida ta rufe da addu'a. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, shi ya sa za ka ji kaka, ido a rufe, tana gyara wa jika karatu.

Lahadi kuwa ranar hutu ce, kuma Dokoki Goma ake kafa hujja da su. Ba gona, ba shago. Ni dai mata nake tausaya wa. Asabar sun sha wanki da guga, da asuba sun ɗora shinkafa, bayan an tashi daga coci ga gaishe da marasa lafiya tare da Zumuntar Mata. Maigida na gyangyaɗi a gindin darbejiya, uwargida tana fama da tukwane. A gidanmu wanke-wanken Lahadi ya koma hannun samari, suna yi suna gunaguni.