Albashi da Himmar Aiki a Jami'ar Modibbo Adama

YOLA: Kowace safiya, daga Dubeli da sauran unguwannin Jimeta, ma'aikatan Jami'ar Modibbo Adama kan tsallaka gadar kogin Binuwai zuwa Girei, inda mazaunin jami'ar yake. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin wannan zirga-zirga ya riƙa cin kaso mai tsoka na albashinsu.

Kafin nan kuwa, yajin aikin wata 8 da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022 ya sa gwamnatin tarayya ta riƙe albashin malamai, bisa hujjar cewa wanda bai yi aiki ba, ba a biyansa. Sai a 2023 aka amince a biya na wata 4.

Asarar dai ba ta tsaya kan aljihu ba. Malamin da ba shi da tabbacin albashi yakan raba ƙafa: koyarwar wucin gadi a wata jami'a, ko noman rani a fadamar Binuwai. Aji kam zai shiga, domin ana ganinsa. Amma bincike da duba kundin ɗalibai, waɗanda babu mai ƙidaya sa'o'insu, su ne ke fara kwantawa.